Shida a Asibiti, Sittin da Takwas a Filin Wasa

Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ta girme ni da shekara huɗu. A gida Yaya muke ce mata, har Inna da ta haife ta haka take kiranta tun muna ƙanana. A filin wasa kuwa ba wanda ya san ta da wani suna sai Bahaguwa. Mashi take jefawa, irin dogon nan mara nauyi da ake yin gudu da shi a hannu a cilla, sannan a auna inda bakinsa ya caki ƙasa. Shekara goma sha uku ta yi tana wannan jifan.

Abin ya fara ne a sakandare. Wata 'yar ajinsu ta sace mata takalmi ƙafa ɗaya don tsokana ta ruga da shi, Yaya ta cire ɗayan ta jefe ta daga bakin aji. Takalmin ya wuce saman kan yarinyar, ya tsallake filin taro, ya sauka a rufin ɗakin malamai. Malamin wasanni ne ya fito zai yi faɗa. Da aka nuna masa inda ta tsaya ta yi jifan, sai ya manta da faɗan, ya taka filin da ƙafa yana ƙirgawa, ya dawo ya ce ta same shi bayan an tashi. Ranar ta dawo gida da takalmi ɗaya a hannu. Inna ta yi ta faɗa, Baba, Allah ya ji ƙansa, ya yi ta dariya har da tari.

Da ta gama makaranta, wani kamfanin sabulu mai ƙungiyar 'yan wasa ya ɗauke ta aiki. Tsarinsu shi ne ɗan wasa ya yi rabin yini a masana'anta, rabi a fili. Daga bakwai na safe zuwa ɗaya tana tsaye gaban injin naɗe sabulu, tana cire waɗanda takardarsu ta yamutse, da yamma kuma atisaye. A nan ta yi aure, ta haifi 'yan mata biyu, bayan kowace haihuwa ta koma fili. Mijinta mai yanka gilashin taga ne, Mai Gilas muke ce masa, mutum mai sanyin hali da yawan barkwanci. Yakan ce shi ba ya yi wa matarsa gardama sai yana kusa da ita, don daga nesa ne take da haɗari.

Tana da shekara ashirin da tara ciwon ya same ta. Ba faɗuwa ta yi ba, ba kuma wani abu ne ya buge ta ba. Wata ranar Talata da yamma ta yo gudu da mashi kamar kullum, ta zo takun ƙarshe, inda mai jifa ke kafa ƙafar gaba ya lanƙwashe baya kafin ya saki, sai ta ji kamar an soka mata ƙusa mai zafi a ƙugu, ɓangaren dama. Mashin ya tafi a karkace. Ta dafa gwiwa ta jira. Kafin ta ƙirga ashirin ciwon ya tafi kamar ba a yi ba.

Abin da ya rikita kowa ke nan, har da ita. Ta hau mota ta koma gida lafiya lau. Ta goya ƙaramarta, ta hau bene da bokitin ruwa biyu, ta kwana ba ko juyi. Washegari ta yi aikinta, ta yi gudun ɗumama jiki, duk ba komai. Amma tana zuwa wannan takun guda ɗaya, sai ƙusar ta dawo. Cikin wata guda jifanta ya sauko daga mita hamsin da ɗoriya zuwa arba'in. Ga shi saura wata biyu a yi gwajin zaɓen waɗanda za su je gasar ƙasa. Kocinsu ya ce ta je asibiti ta kawo takarda.

Ni na raka ta, don ina koyarwa a firamare kuma muna hutu. Muka zauna a kan doguwar benci cikin mutanen da ke dafe da baya, wani da sanda, wata an tallabo ta. Yaya ta zauna a miƙe kamar soja, sai na ga tana ɗan sunkuyar da kai, kamar wadda ta shigo layin da ba nata ba. Aka ɗauki hoton ƙashinta. Likitan ya ɗaga hoton a hasken taga, ya ce ƙashinta ya fi nasa kyau. Sannan ya miƙo mata takarda mai tambayoyi goma, kowace da amsa shida, ya ce ta je waje ta ja layi a ƙarƙashin wadda ta dace da ita, da haka za a auna yawan nakasar da ciwon ya jawo mata.

Muka koma benci. Tambaya ta farko a kan wanka da sa kaya, ta ja layi a amsar farko, wato ba matsala. Ta biyu ce ta tsayar da ita.

"Auta, duba min nan. Wai ina iya ɗaukar abu mai nauyi ba tare da ciwo ba?"

Na ce, "To kina iyawa?"

"Wane nauyin? Da ina ɗora kilo casa'in a kafaɗa in tsuguna in miƙe sau biyar. Yanzu daga sittin nake fara jin sa. Ke nan ina iyawa ko ba na iyawa?"

Ban sani ba. Muka je wurin nas ɗin da ke zaune bakin ƙofa da hatimi a gabanta. Yaya ta yi mata bayanin kilo casa'in da sittin. Nas ta dube ta sama da ƙasa.

"Nauyi dai, baiwar Allah. Kamar bokitin ruwa, ko jakar cefane."

"Sista, ai wannan ba nauyi ba ne."

"To ja layi a na farko, akwai mutane a bayanki."

Haka aka yi ta tafiya. Tafiya da ƙafa, zama a kujera, tsayuwa, barci, hawa mota, zuwa cikin jama'a. Da ta kai ƙarshe sai ta juya takardar tana neman inda aka yi tambaya a kan jifa, ko gudu, ko lanƙwasa baya. Bayan takardar fari fat.

Likita ya haɗa makin a gefen takarda, ya ce shida cikin ɗari. Ya ce daga sifili zuwa ashirin ba wata nakasa ba ce ta a-zo-a-gani, ta gode wa Allah.

Ta ce, "Likita, to me ya sa ba na iya jifa?"

Ya ɗago ya dube ta, ba da wulaƙanci ba, tambaya ce tsakaninsa da Allah. "Dole ne sai kin yi jifan?"

Ya rubuta cewa lafiyarta ƙalau, za ta iya kowane aiki, ya ba ta maganin shafawa da wata takardar tambayoyin irin ta farko, ya ce ta cika idan ta ga canji. Nas ta buga hatimi.

Muka biya ta gidan Inna. Tana zaune a ƙaramar kujera tana tsince shinkafa. Da ta ji wai da tambayoyi aka auna ciwon, sai ta ce in karanta mata ta ji irinsu. Na ɗauki takardar da ba a cika ba na fara karantawa, Inna tana amsawa tana ci gaba da tsintarta, ni kuma ina sa alama da fensir don wasa. Tsayuwa? Ba ta wuce minti goma sai ta nemi bango. Barci? Sau uku take farkawa ta gyara kwanciya. Bokitin ruwa? Rabonta da ɗauka tun kafin aurena. Salla ma a kan kujera take yi, mun daɗe da sabawa da ganin haka har mun daina lura. Na haɗa yadda na ga likita ya yi. Arba'in da shida.

Inna ta ajiye tiren. "Arba'in da shida na me?"

"Na nakasa, Inna. Nan an rubuta mai tsanani."

"Ni ce nakasasshiyar? Ni da na share tsakar gidan nan da safe? Wa ya dafa abin da za ku ci yanzu?"

"Takarda ce ta faɗa."

"Takardar ta zo ta faɗa a gabana." Ta ja tiren ta ci gaba. Can sai ta ɗago ta dubi Yaya. "Ke kuma nawa kika ce kin samu?"

"Shida."

"Shida? To me ya kai ki asibiti, 'yar nan?"

Ba gori ta yi mata ba, so take ta gane. Sai da muka fito muna jiran mota a bakin titi Yaya ta ce da ni, tana kallon gabanta, "Auta, ko dai ƙarya nake yi ban sani ba?"

Koci tsoho ne mai furfura a gemu, usur kullum a wuya, shi ya rene ta tun tana sabuwa a ƙungiyar. Ya karɓi takardar da murna. Ya ce shi da zai cika ta sai ya ci talatin, ita da shida ai sai godiya. Ya ce abin a kai yake ba a ƙugu ba, tsoro ne, ya sha ganin irinsa, jiki ya ji zafi sau ɗaya sai ya riƙa tuna wa mai shi. Maganinsa ta rufe ido ta yi jifa. Yaya ta yarda, don ta fi son ya zama tsoro. A lokacin akwai wata sabuwar yarinya a ƙungiyar, 'yar shekara goma sha tara, ana ce mata Siririya, jifanta yana hawa kowane mako. 'Yan ƙungiya suka fara raɗe-raɗi. Wasu suka ce Bahaguwa ta ga an kamo ta ne take neman hanyar sauka da mutunci. Wasu suka ce ciki gare ta tana ɓoyewa.

Ranar gwaji ina zaune a kan matakalar 'yan kallo. A jifan farko ta yo gudu da kyau, da ta zo takun ƙarshe sai ƙafar ta ƙi kafuwa, ta wuce layi da mashin a hannu, alƙali ya ɗaga jar tuta. A na biyu ta ciji leɓe ta kafa ƙafar da ƙarfi ta saki. Ƙarar da ta yi har inda nake na ji ta. Ta zube a kan gwiwa. Mita talatin da bakwai. Mutane suka yo kanta, ni ma na sauko da gudu, amma kafin in isa ta miƙe, ta kakkaɓe gwiwa, ta taka ta ɗauki jakarta a miƙe sambal ba ko ɗingishi. Na ga yadda 'yan ƙungiya suka dubi juna. Daga baya ta ce min da ta sani da ta yi ɗingishin ko na ƙarya ne.

Matar da ke gashin ƙashi a filin ce ta tare mu a bakin ƙofar fita. Sabuwa ce, sau biyu a mako take zuwa, Litinin da Laraba, tana da ɗan ɗaki a ƙarƙashin matakalar 'yan kallo. Ta ce ta ga faɗuwar, Yaya ta zo ta duba ta. Muka je ranar Laraba. Ɗakin na warin man zafi, ga gado mai yagaggiyar fata, ga igiyoyin roba rataye a ƙusa, fanka tana juyawa da ƙyar. Likitar gashin ƙashin ta latsa nan ta latsa can, ta sa ta sunkuya, ba komai. Sai ta ce ta tsaya da ƙafar dama kaɗai, ta ɗaga hannun hagu, ta kwanta baya a hankali.

"Ga shi!" in ji Yaya da ƙarfi. "Ga shi nan! Auta, kin gani? Shi ne!"

Fuskarta a yamutse da zafi amma kusan dariya take yi. Wannan ne karo na farko da ciwon ya yarda ya fito a cikin ɗaki, a gaban shaida.

Likitar gashi ta ce tana zargin wani ɗan ƙaramin ƙashi ne a ƙasan baya ya gaji saboda yawan lanƙwasa, irin hoton da aka ɗauka sau da yawa ba ya nuna shi. Ta ce a bar jifa na wata uku, a riƙa zuwa wurinta ana ƙarfafa naman ciki da na baya. Sannan ta jawo aljihun tebur ta fito da takarda. Yaya ta ja da baya kamar ta ga maciji.

"Wata takardar kuma?"

"Wannan daban ce. Don 'yan wasa aka yi ta. Ina tattara amsoshin masu ciwon baya a filin nan ne, in ga ko tana auna abin da ya kamata."

Ta fara da tambayar baki. Daga sifili zuwa goma, ciwon nawa ne?

"Goman wane ne?"

"Ciwon da ya fi kowane da kika taɓa ji."

Yaya ta yi tunani. "Na haihu sau biyu. In wancan ne goma, wannan uku ne."

"Uku? Kin faɗi a kan gwiwa fa. Shekaranjiya wani mai gudu ya ce min tara, kuma jijiya ce kawai ta ɗaure masa a ƙafa."

"Shi ai bai haihu ba."

Likitar gashi ta yi dariya, ta riƙe biro a sama ta rasa me za ta rubuta. Ta rubuta uku, ta sa alamar tambaya a gefe.

Tambayoyin takardar kuwa kamar wanda ya san Yaya ne ya rubuta su. Kwana nawa na atisaye kika rasa a wannan watan? Yaya ciwon yake idan kin murɗa jiki da sauri? Idan kin lanƙwasa baya? Idan kin ɗaga ƙarfe? Kina tsoron wani motsi? Kin gamsu da yadda kike wasa? Yaya ta karanta har ƙarshe ba ta taɓa biro ba. Ta matso kusa da ni ta rage murya.

"In na faɗi gaskiya za su cire ni. In na rage kuma za su ce lafiyata ƙalau. Wanne zan yi?"

Na ce, "A asibiti ma ai gaskiya kika faɗa."

"Shi ne ai."

Ta daɗe tana juya biron, sannan ta cika da gaskiyarta. Likitar gashi ta haɗa. Sittin da takwas cikin ɗari.

Yaya ta ce, "Na wuce Inna ke nan."

Sai da na yi wa likitar bayanin Inna da arba'in da shidanta. Ta gyara zama ta ce ba haka ake haɗa su ba. Takardar asibiti tana gwada mutum ne da kowa da kowa, mai tafiya a kan titi, mai zuwa kasuwa. Wannan kuwa tana gwada ɗan wasa da abin da wasansa ke nema a jikinsa. Ta ce mutum irin Yaya zai iya rasa rabin ƙarfinsa, takardar asibiti ba ta ko lura ba, don rabin da ya rage ya ishi hawa mota da ɗaukar bokiti.

"To wacce ce gaskiya?"

"Duka biyun."

"Likita, baya ɗaya gare ni fa."

Likitar ta ce ta sani. Ta ce ita ma abin da ya sa take wannan binciken ke nan.

Takardun biyu suka haɗu a teburin manajan ma'aikata na kamfani, ya maƙale su da fil ɗaya. Bayan mako guda ya kira ta ofis. Yaya ta ba ni labarin sau uku, kowane karo tana tsayawa a wuri ɗaya tana girgiza kai. Ya ce kwamitin wasanni ya duba takardar likitar fili, sittin da takwas ba abin wasa ba ne, kamfani ba zai ɗauki alhakin sa ta a fili ba, an sauke ta daga ƙungiya sai yadda hali ya yi. Ta ce ta ji, dama an ce ta huta wata uku, za ta riƙa amfani da yamma tana zuwa gashi. Ya ce a'a, rabin yini na 'yan ƙungiya ne. Ma'aikaci ba ya samun sassauci sai da takardar asibiti, kuma ga ta asibiti nan da hatimi, shida, lafiya ƙalau, za ta iya kowane aiki. Daga ranar Litinin za ta tashi ƙarfe huɗu kamar kowa.

Ta ce, "Yallaɓai, ke nan da safe ina da lafiya, da yamma ba ni da ita?"

Ya duba takarda ta sama, ya ɗaga ya duba ta ƙasa. Ya ce shi ba likita ba ne, abin da aka rubuta yake bi. Ta ce wallahi a fuskarsa ta ga shi ma bai gane ba.

Likitar gashi ƙarfe huɗu take rufe ɗakinta. Sai ta zana wa Yaya motsa jikin a takarda, 'yan mutane-mutane masu kan da'ira da ƙafar layi, wani a kwance, wani da rarrafe. Yaya takan shimfiɗa tabarma a falo da safe kafin ta fita ta yi, 'yan matanta suna hawa bayanta suna cewa doki. Ba ta san ko daidai take yi ba. Mai Gilas yakan riƙe takardar ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya ce shi dai a ganinsa wannan mutumin faɗuwa ya yi.

Tsayuwar awa tara a kan siminti ta yi abin da jifa bai yi ba. Wata na biyu sai ga wani ciwo daban, ba ƙusa ba, wani nauyi ne da ke kwanciya a ƙugunta tun daga azahar ya bi ta har gida. Ta daina goya ƙaramar. Ta fara neman wurin zama a mota, ita da ke tashi ta ba tsofaffi. Da wata uku suka cika ta koma asibiti da takardar nan ta biyu, bayan na goge alamun fensir na Inna. Wannan karon ba ta tambayi kowa ma'anar nauyi ba. Ashirin da huɗu. Wani likita ta tarar, matashi. Ya gwada da ta baya ya ce abin ya ninka huɗu, bai ji daɗi ba. Ya ba ta shawarar ta rage tsayuwa, kuma ta samu wani wasan motsa jiki ta riƙa yi, don zaman haka ba ya yi wa baya kyau. Yaya ta ce ta gode.

Ta nemi izinin awa biyu ta je wurin likitar gashi don cika tata takardar karo na biyu. Tambaya ta farko, kwana nawa na atisaye kika rasa? Babu atisayen da za ta rasa. Yaya ciwon yake idan kin ɗaga ƙarfe? Rabonta da ƙarfe wata uku. Kin gamsu da yadda kike wasa? Suka bi takardar tare daga sama har ƙasa, ba gidan da za a sa wanda ba ya wasa. Likitar ta dafe goshi, ta ce takardar ba ta auna sai wanda ke fili, dole ta cire ta daga lissafin binciken. Ta ba ta haƙuri har sau biyu, ta ce za ta rubuta wannan a rahotonta. Ta sa ta tsaya da ƙafa ɗaya ta kwanta baya. Ƙusar tana nan, amma ta dushe. Ko hutun jifa ne, ko motsin tabarma, ko kuwa sabon ciwon ne ya danne tsohon, likitar ta ce ba za ta iya rantsuwa ba.

Ashirin da huɗun nan ne ya yi mata amfani a ƙarshe. Da manaja ya ga takarda mai hatimi ta wuce ashirin, sai aka mai da ita teburin duba kwalaye, aikin zaune. Nauyin ƙugun ya ragu a hankali. Siririya ta je gasar ƙasa ta zo ta huɗu, Yaya ta kira ta ta taya ta murna, kuma na san har zuciyarta ta yi. Koci ya zo gida sau ɗaya, ya zauna ya sha ruwa, ya yi ta zancen tsadar takalman wasa, da zai tafi ya ce mai yiwuwa ba tsoro ba ne. Likitar gashi ta gama bincikenta aka mai da ita wani wuri. Ba wanda ya ce Yaya ta koma ƙungiya, ita ma ba ta nema ba, don ba ta san wace takarda za ta kai ba.

Yanzu shekararta talatin da uku. In aka tambaye ta ko ta warke, takan ce ya danganta da wanda ke tambaya.

Watan jiya, ranar wata Asabar da safe, ta kira ni ta ce in buɗe mata filin makarantarmu. Na zo na tarar da ita a bakin ƙofa da mashi naɗe cikin tsohon labule, ta aro wurin Koci. Mai Gilas yana biye da ita da tef ɗin awon taga a aljihu, mai mita biyar. Ta yi gudu ta zaga filin sau biyu, ta yi 'yan jifa ƙanana daga tsaye nan da can. Sannan ta ja layi da ƙafa, ta koma baya taku bakwai kawai, ta yo gudu ta saki. Mashin ya tashi sak, ya caki ciyawa ya tsaya yana rawa.

Mai Gilas ya durƙusa ya fara awo daga layi. Ya ja tef ya dasa yatsa, ya matsa ya sake ja, ni ina biye ina ƙirgawa. Muna tsakiya wayarsa ta yi ƙara, wani ne da gilashin shagonsa ya fashe. Ya amsa yatsansa na ƙasa, ya gama, muka ci gaba har muka kai. Ya ce ja takwas da mita biyu, arba'in da biyu ke nan. Na ce tara ne, arba'in da bakwai. Ya ce ya ƙirga wanda ya ja kafin wayar. Na ce ni ma na ƙirga shi, na bayan wayar ne ya tsallake. Muka ce a sake daga farko. Muka juya, ashe Yaya ta riga ta zare mashin tana goge bakinsa da labule, ga ramuka huɗu ko biyar a ciyawar wurin, ba mu san wanne ne nasa ba.

Na ce, "Yaya, ya yi ciwo?"

Ta sa tafin hannu a ƙugu ta ɗan latsa, ta karkata kai kamar mai sauraron ƙara daga nesa.

"Na dai ji wani abu," in ji ta. "Ban san ko shi ne ba."

Ta miƙa wa mijinta labulen, ta ce ya kashe wayar nan tukuna, ta koma wajen layi tana ƙirga taku.